Gubar Dalma a Zamfara: Yadda Ake Auna Haɗarin Gurɓatar Muhalli da Yadda Ake Shawo Kansa

Annobar gubar dalma da ta bayyana a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a shekarar 2010, wadda ta yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400, tana cikin mafiya muni irinta da aka taɓa rubutawa a tarihin kiwon lafiyar al'umma na wannan zamani, kuma har yau masana muhalli suna komawa gare ta idan suna son nuna yadda guba ke fitowa daga cikin dutse, ta bi ta hannun masu neman abinci, ta shiga tsakar gida, ta ƙare a jinin yaron da bai kai shekara biyar ba. Abin da ya faru a Dareta da Yargalma da Bagega ya tattara a wuri guda dukkan tambayoyin da ilimin auna haɗarin gurɓatar muhalli ke ƙoƙarin amsawa: mene ne abin da ke cutarwa, yawansa nawa ne ke cutarwa, ta wace hanya yake kaiwa ga mutum da dabba da ruwa, su wa ya fi shafa, kuma a wane wuri za a datse hanyarsa ba tare da an datse hanyar cin abincin jama'a ba.

Abu mai cutarwa daban, haɗarinsa daban

Masana suna bambanta abubuwa biyu da sau da yawa ake haɗa su wuri guda. Na farko shi ne abu mai cutarwa, wato duk wani sinadari da a ɗabi'arsa yake iya yin lahani, kamar dalma ko zaiba ko maganin ƙwari. Na biyu shi ne haɗari, wato yiwuwar wannan lahani ya auka wa wasu mutane sanannu, a wani wuri sananne, gwargwadon yadda suke cuɗanya da sinadarin. Dalmar da ke cikin duwatsun Zamfara ta yi shekaru aru-aru a ƙarƙashin ƙasa ba ta kashe kowa ba, domin babu hanyar da ta haɗa ta da bakin yaro. Sai da aka haƙo dutsen, aka farfasa shi, aka niƙe shi ya zama gari mai tashi a iska, sannan ta zama haɗari.

A kan wannan bambanci aka gina tsarin auna haɗari da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta tsara a wani rahoto na shekarar 1983, wanda hukumomin muhalli da na lafiya a ƙasashe da yawa suka ɗauka. Tsarin yana da matakai huɗu. A mataki na farko ana gano sinadarin da kuma irin cutar da yake haddasawa. A na biyu ana tantance dangantakar da ke tsakanin yawan abin da ya shiga jiki da tsananin illar. A na uku ana bin diddigin hanyoyin da sinadarin ke bi ya kai ga mutane, da yawan da ke shiga jikinsu, da tsawon lokacin da hakan ke ɗauka. A na huɗu kuma ana haɗa sakamakon ukun farko a fayyace girman haɗarin, da waɗanda ya fi shafa, da inda ilimin da ake da shi ya tsaya. Bayan wannan ne aikin shawo kan haɗari ke farawa, wanda shi ba aikin ɗakin gwaji ba ne kaɗai, domin ya ƙunshi yanke shawara a kan kuɗi da doka da sana'ar mutane da al'adarsu, kuma a nan ne gwamnati da sarakuna da su kansu mazauna wurin ke da ta cewa.

Yadda dalma ta shiga gidaje

Haƙar zinare tsohuwar sana'a ce a yankin Anka da Maru da Bukkuyum, amma ta bunƙasa ƙwarai bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, lokacin da farashin zinare ya haura dala 1,000 a kowane oza, har manoma da yawa suka ga cewa abin da mutum zai samu a ramin zinare ya ninka abin da gonar gero da dawa ke ba shi. A daidai wannan lokaci masu haƙa suka faɗa kan wasu jijiyoyin dutse waɗanda, baya ga zinare, suna ɗauke da dalma mai yawan gaske, har a wasu samfurori da aka auna ta wuce kashi 10 cikin ɗari na nauyin dutsen.

Sarrafa dutsen yana bin matakai da dama, kuma kowane mataki yana zubar da dalma. Ana fasa dutsen da guduma ya zama tsakuwa, a niƙe shi a busashe da irin injin da ake niƙa hatsi da shi, a wanke garin da ruwa don ware ɓangare mai nauyi, a cuɗa shi da zaiba wadda ke kama ƙwayoyin zinare, sannan a ƙona curin zaibar ta tashi ta bar zinaren. Da yake ramukan suna nesa a daji, kuma mutum ba ya son barin dukiyarsa inda idonsa ba ya kai, sai aka riƙa ɗauko buhunan dutse zuwa cikin gari. Injinan niƙa suka kafu a tsakiyar unguwanni, mata kuma, waɗanda yawancinsu ba sa fita, suka samu sana'a a cikin gida ta fasa dutse da daka shi, wani lokaci a turmin da ake surfe da shi, suna shanya garin a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Sauran dusar da aka wanke ta taru a bakin kududdufai, a wasu wuraren ma ta shiga cikin ƙasar da aka buga tubali aka yi gini da ita.

Binciken da masanan hukumar nazarin duwatsu da ma'adinai ta Amurka suka yi a kan samfurorin yankin ya ƙara bayyana dalilin da ya sa illar ta yi tsanani haka. Asalin dalmar tana cikin wani ma'adini ne da ake kira galena, wanda dalma ce haɗe da farar wuta, amma ruwa da iska sun daɗe suna cin saman jijiyoyin dutsen har suka mayar da kaso mai yawa nata zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a cikin ruwan tsamin da ke cikin ɗan Adam. Niƙan da ake yi a busashe kuma ya mayar da ita ƙura mai laushi wadda ke manne wa hannu da abinci da tufafi. Wannan yana nuna cewa yawan sinadari a ƙasa bai isa a auna haɗari da shi shi kaɗai ba. Dole a san nau'insa da girman ƙwayoyinsa da kason da jiki ke iya tsotsewa daga cikinsa.

Abin da dalma ke yi wa jiki, da ma'aunin da ake amfani da shi

Dalma ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, kuma jiki yana ɗaukar ta kamar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, don haka takan bi jini ta kai ga ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, sannan ta taru a ƙashi da haƙora, inda take iya zama tsawon gomman shekaru. A lokacin goyon ciki takan sake fitowa daga ƙashin uwa ta shiga jini ta kai ga ɗan tayi. Ƙananan yara su ne suka fi shiga haɗari saboda dalilai uku da ke haɗuwa: suna wasa a ƙasa suna kai hannu baki, cikinsu yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, kuma ƙwaƙwalwarsu tana kan ginuwa. Yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na kalsiyam a abincinsa yakan tsotse ta fiye da ɗan'uwansa mai ƙoshi, shi ya sa talauci da guba ke ƙarfafa juna.

Ana auna dalma a jini da maikirogiram a kowace desilita. Maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya cikin goma na lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa babu wani adadi da aka sani wanda ba ya cutarwa, domin ko a ƙasa da 5 ana ganin raguwar basira da raunin mayar da hankali ga karatu. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta riƙa rage ma'aunin da ke sa a ɗauki mataki, daga 10 zuwa 5 a shekarar 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Idan adadin ya kai 45 a jinin yaro, likitoci kan ba da maganin fitar da dalma, kuma idan ya ninka haka ana fargabar kumburin ƙwaƙwalwa, wanda ke zuwa da amai da jijjiga da suma, yakan kuma ƙare da mutuwa ko naƙasa ta dindindin kamar makanta da shanyewar gaɓoɓi. A ƙasa kuwa ana auna dalma da miligiram a kowane kilo, kuma iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ke amfani da ita a wancan lokaci ga filin wasan yara ita ce 400.

Abin da bincike ya gano a 2010

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar MSF, wadda aka fi sani da Likitoci Na-gari Na-kowa, suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Zamfara lokacin da suka samu labarin yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Da yake alamun sun yi kama da na sanƙarau da na zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, an fara ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma yaran ba su samu sauƙi ba, sai da aka lura da injinan niƙan dutse a cikin garuruwan, aka kuma aika samfurin jini zuwa wani ɗakin gwaji a Turai, sannan aka tabbatar da cewa dalma ce.

A watannin Mayu da Yuni na shekarar, wata tawaga ta jami'an lafiya na tarayya da na jiha da na CDC da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar da aka ƙidaya, 118 sun rasu a cikin watanni goma sha biyu da suka gabaci binciken, wato ɗaya cikin kowane huɗu, kuma kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin mutuwarsu. A cikin yaran da ke raye waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce, kuma da yawa daga cikinsu sun zarce 65, wanda shi ne iyakar abin da na'urar gwajin hannu ke iya nunawa. Kimanin kashi biyu cikin uku na gidajen sun ce suna sarrafa dutse a cikin gida, ƙasar kashi 85 cikin ɗari na gidajen ta wuce iyakar 400, a wasu wuraren niƙa kuma ta haura 100,000. Binciken ya kuma nuna cewa yaran da iyayensu mata ke sarrafa dutse sun fi sauran shiga haɗarin mutuwa.

Waɗannan alƙaluma sun cika dukkan matakai huɗu na auna haɗari, amma sun cika su ne a baibai, domin an fara daga mutuwa aka koma baya zuwa ga dalili, alhali manufar tsarin ita ce a fara daga dutsen a hango mutuwar kafin ta auku. Na'urar hannu mai haska ƙasa da hasken eksire, wadda aka yi amfani da ita daga baya wajen auna gidaje, tana iya nuna yawan dalmar da ke cikin dutse a cikin minti ɗaya ko biyu. Da akwai jami'in ma'adinai ko na muhalli da ke kai ziyara wuraren haƙa da irin wannan na'ura, da an san abin da buhunan ke ɗauke da shi tun kafin su shiga gari.

Ruwa da dabbobi da abinci

Auna haɗari ba ya tsayawa kan ɗan Adam, domin hanyoyin da guba ke bi a cikin muhalli su ne a ƙarshe ke dawo da ita ga mutane. Mazauna ƙauyukan sun shaida wa masu bincike cewa agwagi sun riƙa mutuwa tun kafin mutuwar yara ta tsananta, kuma hakan ya dace da abin da kimiyya ta sani, tunda agwagwa tana kiwo ne a cikin taɓon kududdufi, inda dusar dutse mai nauyi ke kwantawa. Dabbobi irin waɗannan masana kan ɗauke su a matsayin masu gargaɗi, domin suna nuna alamar guba kafin ta bayyana ga mutane. Sai dai gargaɗin ba ya amfani idan babu hanyar da rahoton ma'aikacin lafiyar dabbobi zai kai ga ma'aikacin asibiti.

Tawagar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ziyarci yankin a ƙarshen daminar 2010 ta samu dalma mai yawa a kududdufan da ake wanke garin dutse, waɗanda kuma su ne shanu da awaki ke sha, ta kuma samu wasu rijiyoyi da suka wuce iyakar maikirogiram 10 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha, galibi saboda ƙura da laka da ke faɗawa ta bakin rijiyar da ba ta da murfi. Wani nazari da ya biyo baya ya nuna cewa gero da dawa sun fi gurɓata bayan girbi, wato wajen sussuka da shanya da surfe da niƙa a wuraren da ƙurar ta mamaye, fiye da abin da tsiron ke tsotsa daga ƙasar gona. Wannan bayani yana da daraja wajen tsara mataki, domin ya nuna cewa tsabtace masussuka da turame da injinan niƙa ya fi gaggawa a kan hana noma.

Ita ma zaiba tana da nata haɗari na daban. Hayaƙinta, wanda ba shi da wari ko launi, yana shiga huhun mai ƙona curi da na duk wanda ke kusa, yana lalata jijiyoyi da ƙoda. Wadda ta zube a ruwa kuwa, ƙwayoyin halitta da ke cikin laka suna juya ta zuwa wani nau'i mai taruwa a naman kifi, kuma yawanta yana ƙaruwa yayin da babban kifi ke cin ƙarami, har ta kai ga mai cin kifin. Irin wannan ce ta haddasa cutar da aka gano a garin Minamata na ƙasar Japan a 1956, kuma da sunan garin aka kira yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta rage amfani da zaiba, wadda aka amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Dalma da zaiba duka ba sa ruɓewa kamar yadda shara ke ruɓewa. Inda suka zuba nan suke zama, sai in an kwashe su ko ruwa ya kai su gaba.

Shawo kan haɗari: kwashe ƙasa, magani, sauya salon aiki

Matakin da aka ɗauka a Zamfara ya tsaya kan ƙafafu uku, kuma darasin da ya fi fitowa fili shi ne cewa jerin da suke bi yana da muhimmanci kamar su kansu matakan. Maganin da MSF ta yi amfani da shi a cibiyoyin da ta buɗe a Anka da Bukkuyum, wanda ake kira DMSA, yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta auku a ƙwaƙwalwa, kuma idan yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke cike da dalma, jininsa zai sake hawa cikin ɗan lokaci, aikin ya zama tamkar ɗiban ruwa da kwando. Saboda haka aka kafa ƙa'ida cewa, in ban da yaran da ke bakin mutuwa, ba a fara magani a ƙauye sai an tsabtace shi.

Aikin tsabtacewar ya gudana ne ƙarƙashin jagorancin kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics, wanda ya samu gogewa a wani yankin narkar da dalma na Jihar Idaho a Amurka, tare da cibiyar Blacksmith, wadda yanzu ake kira Pure Earth, da ma'aikatar muhalli ta Zamfara. An auna kowane gida da kowane fili, aka kankare saman ƙasar da ta gurɓata sosai da fartanya da shebur, aka zuba a buhuna aka kai ramukan da aka tanada a bayan gari aka binne, sannan aka shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta, aka share ɗakuna aka wanke kayan cikinsu. Mutanen garuruwan ne aka horar suka yi aikin da hannunsu, an kuma buƙaci ma'aikata mata da za su shiga cikin gidaje su yi wa matan aure bayani, masarautu da masu unguwanni kuma suka ba da umarnin fitar da injinan niƙa da buhunan dutse daga cikin gari, wanda in ba da shi ba da duk aikin ya tashi a banza. Tsakanin 2010 da farkon 2011 an tsabtace ƙauyuka bakwai: Dareta, Yargalma, Abare, Tungar Guru, Sunke, Tungar Daji da Duza.

Bagega, wadda ta fi su girma kuma take da babbar masarrafar dutse, ta jira har shekara biyu saboda rashin kuɗi, kuma a tsawon wannan lokaci yaranta, waɗanda aka ƙiyasta kimanin 1,500 na buƙatar kulawa, ba su samu shiga tsarin magani ba. An yi alƙawarin naira miliyan 850 tun kafin wani taro da aka yi a Abuja a watan Mayu na 2012, amma kuɗin ba su fito ba sai farkon 2013, bayan matsin lamba daga MSF da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da wasu matasan Najeriya da suka ɗaga muryar garin a kafofin sada zumunta. Da aka kammala aikin Bagega, jimillar gurɓatacciyar ƙasa da dusar dutse da aka kwashe daga ƙauyuka takwas ta haura mita kubik 27,000, wato tsawo da faɗi da zurfi, daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse, kuma matsakaicin dalma a jinin ƙananan yaran da ake gwadawa ya sauko daga kusan 149 zuwa 15 a cikin shekaru huɗu. Jinkirin Bagega ya nuna cewa sanin girman haɗari ba ya kare kowa idan babu asusu da hukumar da doka ta ɗora wa alhakin ɗaukar mataki cikin gaggawa.

Haramci ko gyaran sana'a

Ƙafa ta uku, wato sauya yadda ake sarrafa dutse, ita ce mafi wuya, kuma ita ce ke tabbatar da ɗorewar sauran biyun. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, kuma hanyar da gubar ta bi ita ce dai ta Zamfara, shekaru biyar bayan duniya ta san labarin Dareta. A wasu gidajen Zamfara da aka tsabtace ma an sake samun dalma, ko dai saboda an dawo da dutse a ɓoye, ko kuma saboda mahaƙa na komawa gida da ƙura a tufafinsu da jikinsu su ɗauki 'ya'yansu.

Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, bisa dalilin tsaro, ba ta ɗage haramcin ba sai a watan Disamba na 2024. Ta fuskar lafiyar muhalli, haramci yana da illar da ba a cika lura da ita ba, domin mutumin da ba shi da wata hanyar samu ba ya daina haƙa, sai dai ya ɓoye aikinsa, kuma wurin ɓuya mafi kusa shi ne cikin gida, inda yara suke. Gwajin da MSF ta yi tare da ƙungiyar OK International a wasu wuraren sarrafa dutse ya nuna wata hanya: da aka riƙa fesa ruwa yayin fasawa da niƙa, dalmar da ke iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutse mai lalata huhu kuma da kusan kashi 80. An haɗa wannan da keɓe wurin aiki nesa da gari, da tanadar wurin wanka da sauya tufafi kafin komawa gida, da wurin ajiyar buhuna mai tsaro. Waɗannan matakai ba su da tsada, amma suna buƙatar mahaƙa su kasance cikin ƙungiyoyin da hukuma ta san da su, waɗanda jami'i zai iya ziyarta ba tare da sun gudu ba. A farkon 2022 MSF ta miƙa shirinta ga hukumomin Zamfara bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000, a daidai lokacin da matsalar 'yan bindiga ta sa shiga ƙauyuka da yawa ya yi wuya.

Haɗarin da ba ya kisa nan take

Annobar Zamfara ta fito fili ne domin ta yi kisa, amma mafi yawan illar dalma a duniya ba ta zuwa da jijjiga ko suma. Wani rahoto da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar tare da Pure Earth a 2020 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 800, wato ɗaya cikin uku a duniya, suna da dalma 5 ko fiye a jininsu, kuma irin waɗannan yara ba sa nuna wata alama da uwa za ta gani, sai dai ƙarancin fahimta a makaranta, daga baya kuma hawan jini da ciwon ƙoda. An daina zuba dalma a man fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun wajajen 2006, amma sauran kafofin suna nan: fasa tsofaffin baturan mota da na sola a narkar da dalmarsu a cikin unguwa, wanda ya kashe yara 18 a wata unguwa da ke wajen birnin Dakar na Senegal a 2008, fenti mai dalma, tukwanen da ake ƙerawa da tarkacen ƙarafa, da kuma kwalli, wanda asalin dutsensa a lokuta da yawa galena ce, ake kuma sa wa jarirai a ido da kyakkyawar niyya.

Najeriya ba ta rasa dokoki ba, domin tana da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, da dokar ma'adinai ta 2007, da hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli da aka kafa ita ma a 2007, amma an tsara yawancinsu ne da manyan kamfanoni a zuci, alhali mafi yawan zinaren da ake haƙa a ƙasar yana fitowa ne daga hannun ƙananan mahaƙa. Cike wannan giɓi yana buƙatar abubuwa sanannu: auna dutsen kowace sabuwar mahaƙa kafin a fara niƙa, gwajin jinin yara a kai a kai a asibitocin yankunan haƙa, horar da ma'aikatan lafiya su tuna da dalma idan yaro ya zo da jijjigar da ba ta jin maganin zazzaɓi, haɗa rahoton mutuwar dabbobi da na asibiti, kula da ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasa don kada zaizayar ruwa ko masu neman ragowar zinare su tone su, da kuma ware kuɗin gaggawa da ba sai an jira taro ba. Ga dubban yaran da suka rayu da dalma a ƙashinsu, waɗanda a yau sun kai shekarun aure da haihuwa, ana buƙatar bibiyar lafiyarsu, musamman mata a lokacin goyon ciki, da tallafin karatu da sana'a ga waɗanda gubar ta naƙasa. Farashin zinare a yau ya ninka na 2010 sau da yawa, haƙa kuma tana yaɗuwa a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna da ma Jamhuriyar Nijar, don haka yanayin da ya haifar da annobar yana nan, kuma kuɗin da za a kashe wajen auna dutse da ƙasa da jini bai kai ko kusa da abin da tsabtace gari guda ke ci ba.